Idan an ce maganin ciwon hanta na B ya daina yi maka aiki: matakan da za ka bi kafin ka canja

Da wuya mako ya wuce wani bai turo min hoton takardar gwaji da tambaya iri ɗaya ba: "Malam, shekara biyu ke nan ina shan maganin hanta, na karɓo sakamako an ce ƙwayar cutar ta ƙaru maimakon ta ragu. In canja maganin ne ko in bari?" Wata baiwar Allah kuma ta rubuto cewa mai kemis ɗin unguwarsu ya ce mata cutar ta riga ta saba da maganin, gara ta koma na gargajiya. Amsar layi biyu ba ta isar irin wannan tambaya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda ake binsu ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ne ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rikiɗa. Kullum tana hayayyafa da yawan gaske, kuma wajen kwafar kanta ba ta komawa ta gyara kuskure, saboda haka a jinin mutum ɗaya akwai 'ya'yanta iri-iri masu ɗan bambanci da juna. Idan aka ba ta magani mai rauni, ko ana sha ana fashi, waɗanda maganin bai kama su sosai ba su ne za su tsira su cika gida. Wannan shi ake kira bijire wa magani. Sai dai ba duk hauhawar sakamako ba ce rikiɗa, kuma ga masu shan maganin da ake kira tenofovir kusan kullum dalilin wani abu ne daban. Akwai abubuwan da ake kawarwa tukuna kafin a ɗora wa ƙwayar cutar laifi. Wanda ya tsallake su yakan kashe kuɗi a banza, wani ma ya jefa hantarsa cikin haɗari. Canjin magani aikin likita ne. Wannan jagorar don ka je wurinsa ka san abin da za ka nema ne.

1. Kada ka dakatar da maganin da kake sha

Ko sakamakon ya tayar maka da hankali, ci gaba da shan ƙwayarka yau da gobe har ka ga likita. Magungunan nan danne cutar suke yi, ba sa tumɓuke ta, domin tana ajiye irinta a can cikin ƙwayoyin hanta inda magani ba ya kaiwa. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Da zarar an ɗauke maganin, cikin makonni ko 'yan watanni cutar takan taso da ƙarfi, garkuwar jiki ta far mata, hanta ta kumbura a tsakaninsu.

Hattara: ga wanda hantarsa ta riga ta yi tabo ta taurare, wannan tashin yana iya kashe shi. Idan idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, ciki ko ƙafafu suka kumbura, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin, ko 'yan gida suka lura kana ruɗewa kana barcin rana ba na dare ba, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. A tafi asibiti a ranar.

2. Ɗauko kwalin ka karanta ainihin sunan maganin

Ba sunan kamfani da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba, ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa. A nan ne rabin amsar take, domin magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Lamivudine, mai miligiram 100, shi ne ƙwayar farko da aka fito da ita don wannan cuta a 1998. Yana da araha, ba ya wahalar da jiki, shi ya sa har yau wasu ke rubuta shi. Amma sauyi ɗaya tak a wuri ɗaya na jikin ƙwayar cutar, wanda masu gwaji ke rubutawa M204V ko M204I, ya isa ya kashe masa kaifi. Kusan mutum 1 cikin 5 na masu shansa shi kaɗai cutarsu kan bijire a shekarar farko, a shekara 5 kuwa abin yakan kai wajen kashi 70 cikin 100. Telbivudine ma wannan sauyin ne ke kayar da shi. Adefovir, wanda ya fito a 2002, ya ɗan fi su juriya, amma a shekara 5 kusan kashi 29 cikin 100 sun bijire masa.

Entecavir, na 2005, labarinsa biyu ne. Ga wanda bai taɓa shan wani maganin ba, bijirewa ba ta wuce kashi 1.2 cikin 100 a shekara 5, domin sai cutar ta tara sauye-sauye kamar uku a lokaci guda kafin ta kuɓuce masa. Amma ga wanda lamivudine ya riga ya gaza a jikinsa, cutar ta riga ta tanadi biyu daga cikinsu, saura ɗaya. A irin waɗannan mutane kusan rabi kan bijire wa entecavir cikin shekara 5.

Tenofovir kuwa, ko tsohon samfurin TDF mai miligiram 300 ko sabon TAF mai miligiram 25, an bi masu shan TDF shekaru da dama a manyan gwaje-gwaje ba a ga bijirewa ba. Rahotannin da aka samu daga baya ɗaiɗaiku ne ƙwarai. Tun daga ƙa'idojinta na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tenofovir ko entecavir ne za a fara da su, a daina ba da lamivudine, adefovir da telbivudine su kaɗai. Ina jin takaici duk lokacin da na ga takardar da aka rubuta wa mutum lamivudine shi kaɗai a wannan zamani, domin ba ranar yau kawai aka ɓata masa ba, an rufe masa ƙofar entecavir ta gobe.

Saboda haka ka ɗauki biro ka rubuta duk maganin hanta da ka taɓa sha, da shekarar, da tsawon lokacin. Ko wata uku ne ka sha lamivudine shekara goma da suka wuce, rubuta. Cutar ba ta mantawa, irin da ya rikiɗa yana nan a ajiye a hanta.

Hattara: silymarin da sauran ƙwayoyin da ake kira na ƙarfafa hanta ko wanke hanta, da bitamin, ba sa taɓa ƙwayar cutar. Idan su kaɗai kake sha, maganinka bai gaza ba, ba ka fara shan magani ba ne.

3. Ƙirga kwanakin da ka yi fashi, tsakaninka da Allah

Roba ɗaya yawanci ƙwaya 30 ce. Duba ranar da ka buɗe ta, ƙirga abin da ya rage, lissafin zai faɗa maka gaskiyar da ƙwaƙwalwa ke ɓoyewa. Sannan ka waiwayi watanni shida da suka wuce: roba nawa ka saya? Idan huɗu ne, to wata biyu cutar ta yi tana kiwo ba makiyayi.

Dalilan fashi sanannu ne. Kuɗi ya yanke a ƙarshen wata, sai a jira albashi. Direba ko ɗan kasuwa ya yi tafiyar kwana goma ya bar robar a gida. Wani yana raba ƙwaya biyu, ko yana sha yau ya tsallake gobe, don ta daɗe. Miji da mata suna raba robar mutum ɗaya. Amarya tana ɓoye maganin kada dangin miji su gani, ranar da baƙi suka cika ɗaki ba ta sha. Wani kuma ya ji garau, ya ce ai ya warke. Duk wanda ya same ka a cikin waɗannan, ka faɗa wa likita yadda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ka ce masa ba ka taɓa fashi ba alhali ka yi, ka tura shi neman rikiɗar da babu ita, kuma aljihunka ne zai biya.

Yadda ake sha ma yana cikin lissafi. Entecavir ba a haɗa shi da abinci: sai awa 2 bayan cin abinci, kuma a ƙara awa 2 kafin a sake ci. Mutane da yawa suna haɗiye shi da koko da ƙosai da safe, jiki ya kasa tsotse shi yadda ya kamata. Lokacin kwanciya barci ya fi masa sauƙi. TAF kuma da abinci ake shansa.

Azumi ba dalilin fashi ba ne, tunda sau ɗaya ake sha a rana. Mai tenofovir ya mayar da shi buɗa-baki ko sahur, ya tsaya a kan guda. Mai entecavir ya sha bayan tarawihi idan ya yi awa 2 da gama cin abinci, ya bar cikinsa haka har sahur. Mai tafiya Hajji ko Umara ya ɗauki fiye da adadin kwanakinsa, a jakar hannu, tare da takardar likita.

Idan ka manta ka tuna a ranar, sha nan take. Idan har lokacin na gobe ya yi, sha ɗaya kawai, kada ka ninka.

4. Tabbatar abin da ke cikin robar na gaske ne

Duba lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya kake, da ranar ƙarewar aiki, da hatimin bakin robar. Idan kwalin yana da wurin kankarewa a tura lamba ta waya, kankare ka tura. Kada ka yarda a ƙirgo maka ƙwayoyi a ƙulla a leda, kuma a Nijar ko Najeriya kada ka sayi wannan magani a tiren 'yan talla ko a tasha. Ka tsayar da kantin magani guda mai rajista ko na asibiti.

Zafi da laima suna lalata ƙwaya. Aljihun gaban mota, saman firji da bakin taga ba wurin ajiya ba ne, balle a watan Afrilu. Ɗan ƙunshin da ke cikin robar mai tsotse laima, bar shi a ciki.

Game da kuɗi: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna farashin da ake auna tenofovir da shi a kasuwar duniya dala 2.4 ne a wata, amma ƙasashe 7 kacal cikin 26 da suka ba da bayani suke samunsa a haka ko ƙasa da haka. Ma'ana maganin ba mai tsada ba ne a asalinsa, tsadar a hanya take hawa. Ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku, ka nemi samfurin da ba na babban kamfani ba amma mai rajista. Sannan ƙa'idojin hukumar na 2024 sun yarda cewa inda tenofovir shi kaɗai ya yi wuya ko tsada, ana iya shan ƙwayar da ta haɗa tenofovir da lamivudine, ko tenofovir da emtricitabine. Lamivudine a gefen tenofovir ba matsala ba ne, shi kaɗai ne matsala.

5. Yi gwajin da ya dace, ka kuma iya karanta shi

A nan aka fi yin kuskure. Mutum ya sha magani shekara guda, ya je ya sake gwajin HBsAg, wanda ake yi da ɗigon jini a ɗan tsinke, ya ga har yanzu yana nuna akwai cutar, sai ya ce magani bai yi ba. Wannan gwajin zai ci gaba da nuna haka a wurin mafi yawan masu shan magani shekara da shekaru, ko da maganin yana aiki ɗari bisa ɗari. Ba shi ne ma'auni ba.

Haka gwajin nan mai layi biyar da ɗakunan gwaji ke yi da arha. A cikinsa akwai HBeAg, kuma an saba gaya wa mutane cewa idan babu shi cutar ta kwanta. Ba kullum ba. Akwai wata rikiɗa da ke sa ƙwayar cutar ta daina fitar da wannan alama alhali tana ci gaba da hayayyafa tana cin hanta, kuma a Afirka ta Yamma, inda jinsin E na cutar ya fi yawa, mafi yawan manyan da ke ɗauke da ita ba su da HBeAg. Wannan rikiɗar ba ta hana magani aiki, ɓoye cutar kawai take yi daga gwaji mai arha.

Gwajin da ke raba gardama shi ne HBV DNA, wanda ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini. Ana yinsa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Sakkwato, Maiduguri da Jos, da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita ma tana iya yinsa idan wurin yana da kayan gwajin hanta, don haka ka tambaya. Shi ne mafi tsada a duk jerin nan, sau da yawa ya fi kuɗin maganin watanni, saboda haka kada a yi shi a lokacin da ba zai ba da amsa ba.

Ga yadda ake karantawa. Jera duk sakamakonka na baya bisa kwanan wata, ka nemo mafi ƙanƙanta da ka taɓa samu tun da ka fara magani. Ana cewa cutar ta ɓalle ne idan sabon adadin ya ninka wancan sau 10 ko fiye. Daga 200 zuwa 2,000 ko sama, wannan ɓallewa ce. Daga 150 zuwa 400 ba ita ba ce, irin wannan kai-komon na'ura ma tana iya kawo shi. Wanda a da ba a ganin cutar a jininsa sam, yanzu kuma ta bayyana da ɗaruruwa ko dubbai, shi ma a bincika. Ga sabon farawa kuma, idan bayan wata 3 adadin bai ragu ninki 10 ba, akwai abin dubawa.

Wanda ya fara da adadi mai yawan gaske, miliyoyi ɗari misali, yana iya wuce shekara guda a kan tenofovir cutar ba ta gama ɓacewa daga jini ba. Muddin kowane gwaji yana ƙasa da wanda ya gabace shi, tafiya tana kyau, ba a canja komai.

Hattara: duba ma'aunin da aka rubuta a gaban lambar. Wasu suna rubuta IU/mL, wasu copies/mL, kuma IU ɗaya ya kai wajen kwafi 5. Mutum zai kwatanta takardun wurare biyu ya ga lamba ta ninka sau biyar, hankalinsa ya tashi, alhali cutar ba ta motsa ba. Ka riƙa yi a wuri ɗaya in da hali.

Idan ka gano a mataki na 3 ko na 4 cewa ka yi fashi ko maganin yana da shakku, gyara wannan tukuna: sha na gaske kullum ba tsallake na wata 1 zuwa 3, yadda likita ya tsara, sannan a maimaita gwajin. Idan adadin ya faɗo, ba rikiɗa ba ce. Banda wanda idonsa ya yi rawaya ko hantarsa ta riga ta taurare; shi ba a jira da shi.

6. Gwaje-gwajen da ke rakiya

A ranar da za a ɗebi jinin, a haɗa da ALT da AST, gwaje-gwajen jini na lafiyar hanta, da ƙirgen ƙwayoyin jini mai nuna platelet, da creatinine na ƙoda, da gwajin ƙanjamau, da na ciwon hanta nau'in C, da nau'in D inda ake yinsa. Waɗannan, in ban da na D, ba su da tsada sosai.

ALT yana nuna ko hanta tana ƙuna a yanzu. Idan cuta ta bijire, HBV DNA ne ke fara hawa, ALT ya biyo baya da watanni, saboda haka wanda ke dogara da ALT kaɗai a makare yake samun labari. Idan kuma ALT ya hau amma HBV DNA yana ƙasa, maganinka yana aikinsa, wani abu ne daban ke cin hantar. A nemi kitse a hanta, musamman ga mai ƙiba ko ciwon suga, giya, magungunan tarin fuka, yawan paracetamol, jiƙo da tsimi da garin magani da ba a san abin da ke cikinsu ba, da nau'in D, wata ƙaramar ƙwayar cuta da ba ta rayuwa sai a jikin mai nau'in B. Tana da yawa a sassan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana hanzarta lalacewar hanta, kuma tenofovir da entecavir ba sa taɓa ta.

Da AST da platelet likita zai lissafa APRI don kimanta tabon hanta. A raba AST da iyakarsa ta sama da aka rubuta a takardar, a raba abin da ya fito da adadin platelet, a ninka da 100. Misali AST 80, iyaka 40, platelet 125: 2 a raba da 125 a ninka da 100, ya ba da 1.6. A ƙa'idojin 2024, sama da 0.5 alamar tabo ne mai muhimmanci, sama da 1 kuma ana zaton hanta ta taurare.

Hattara: gwajin ƙanjamau ba zaɓi ba ne, kuma ba zargi ba ne. Tenofovir, lamivudine da entecavir duk suna taɓa ƙwayar ƙanjamau. Mai ɗauke da ita bai sani ba, idan ya sha ɗayansu shi kaɗai, ita ma za ta rikiɗa ta bijire. Mai cututtukan biyu ana ba shi haɗin TLD ne, maganin ƙanjamau mai tenofovir a ciki, wanda ke danne su duka. Kuma duk ranar da za a canja masa maganin ƙanjamau, ya tunatar da su yana da ciwon hanta na B, kada a cire masa tenofovir.

7. Gwajin gano rikiɗar

Akwai gwajin da ke karanta jikin ƙwayar cutar ya faɗi ainihin wurin da ta sauya. Wurare kaɗan ke yinsa, wani lokaci sai an tura jinin wani gari, kuma yana buƙatar cutar ta yi ɗan yawa a jini kafin ya kama. Idan za a yi, a ɗebi jinin kana kan tsohon maganin, domin da an daina shi asalin irin cutar ke sake rinjaye ya rufe wanda ya rikiɗa. Amfaninsa ya fi ga wanda ya sha magunguna iri-iri a baya. Mai shan lamivudine wanda cutarsa ta ɓalle ba sai ya jira shi ba, amsar a bayyane take.

8. Canjin maganin

Idan an tabbatar kana sha kullum, maganin na gaske ne, kuma cutar ta ɓalle, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a taƙaice take: mai lamivudine, telbivudine, adefovir ko entecavir, a mayar da shi kan tenofovir. Sauye-sauyen da ke kayar da lamivudine da entecavir ba sa kayar da shi. A yi canjin da wuri, tun ALT bai hau ba, domin duk watan da aka bar cutar tana hayayyafa a ƙarƙashin maganin da ya gaza, ƙarin sauye-sauye take tarawa.

Ba a barin tazara. Ka sayi sabon ya zo hannunka, ka sha tsohon yau, sabon gobe. Babu wani hutun wanke jiki a tsakani.

Hattara: daga lamivudine kada a koma entecavir idan akwai halin tenofovir, ko da an ninka shi zuwa miligiram 1. An gudu ne ba a tsira ba, saboda dalilin da na faɗa a mataki na 2.

Wanda yake kan tenofovir kuma aka tabbatar da ɓallewa bayan an kawar da komai, wannan na ƙwararren likitan hanta ne. Yakan ƙara masa entecavir a kai, ba ya cire tenofovir ɗin.

Kafin a fara TDF a duba ƙoda. Idan ƙarfin tacewarta, a lissafin da likita ke yi da sakamakon creatinine, ya gaza 50, ana buɗa tazarar shan maganin ko a zaɓi TAF, wanda ya fi sauƙi ga ƙoda da ƙashi amma ya fi tsada. Wanda ya haura shekara 60, mai suga, mai hawan jini, su ma a yi musu wannan tunanin. Mai shan TDF ya rage diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki na kemis, domin tare suke taruwa a kan ƙoda. Mai shan maganin tarin fuka ya sanar da likita, saboda rifampicin yana rage ƙarfin TAF. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa, TDF ne aka fi sanin amincinsa, ba a so ta zauna a kan entecavir.

9. Bibiya bayan canji

A maimaita HBV DNA da ALT bayan wata 3 don a ga sabon ya kama, sannan duk wata 6 har cutar ta daina ganuwa, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara tare da gwajin ƙoda. Tun yau ka fara ware kuɗin gwajin kaɗan-kaɗan, kamar adashi, don kada ranar ta zo a ɗage. Ka sayi sabuwar roba tun saura kwana 7 a tsohuwa. Ka samu ɗan littafi guda ka riƙa rubuta kwanan wata, sunan magani da kowane sakamako, ka ɗauki hotonsu a waya, domin kati yana ɓata kuma likitoci suna sauyawa.

Danne cutar yana rage haɗarin ciwon dajin hanta, bai kawar da shi ba. Mai taurin hanta, da wanda aka taɓa yin ciwon dajin hanta a danginsa, da duk wanda likita ya ce shekarunsa sun kai, su yi hoton ciki duk wata 6 ko suna jin lafiya. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar aflatoxin, wadda idan ta haɗu da wannan cuta haɗarin yake ninkuwa. A tsince ruɓaɓɓu a zubar, a busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu, a kula da inda ake sayen ƙuli-ƙuli da tunkuza.

Irin da ya rikiɗa ma yana yaɗuwa kamar kowane. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, don haka a gwada mata ko miji, da yara, da 'yan ɗaki ɗaya. Wanda ba shi da ita a yi masa allurar riga-kafi guda 3, jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haife shi.

10. Idan naka nau'in C ne

Tsarin ya bambanta, domin shi warkewa ake yi. Yawanci mako 12 ake shan sofosbuvir da daclatasvir ko sofosbuvir da velpatasvir, fiye da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da cutar. Ana tabbatarwa da gwajin HCV RNA, mai neman ainihin ƙwayar cutar a jini, mako 12 bayan shan ƙwayar magani ta ƙarshe. Gwajin tsinke zai ci gaba da nuna alama ko an warke, kada ya ruɗe ka.

Idan RNA ya dawo, a duba fashi, da ingancin maganin, da abin da aka sha tare da shi: rifampicin da magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna karya ƙarfinsa, omeprazole na gyambon ciki kuma yana hana jiki tsotse velpatasvir. Rikiɗa ma tana faruwa, kuma wasu ƙananan jinsunan cutar da ake samu a Afirka, irin 4r, da taurinsu suka zo tun asali. Kada ka sake sayen irin wanda ya gaza ka maimaita da kanka. Akwai haɗin da aka tanada don zagaye na biyu, sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir na mako 12, sai dai ba a ba wanda hantarsa ta riga ta gaza har ciki ya tara ruwa. Kafin kowane zagaye a gwada HBsAg, domin mai nau'in B a ɓoye, idan aka kawar da C, B ɗin yana iya tasowa, kuma a irin wannan hali likita yakan haɗa masa da tenofovir tun ranar farko.